Ƙararrawa Biyar

Da gudu ta shiga harabar asibitin ido, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu, gyalenta yana jan ƙasa.

Bencin yana nan inda aka kwatanta mata, a ƙarƙashin tagar karɓar magani. Babu kowa a kai.

"Baiwar Allah, ɗaga ƙafarki, yanzun nan na goge wurin," in ji wani dattijo mai shara.

"Baba, don Allah... wata tsohuwa, an rufe mata ido ɗaya da auduga, tana riƙe da sanda..."

"Au, ke ce ake jira?" Ya tsaya da gugar, ya dube ta sama da ƙasa. "Tun ƙarfe uku take zaune a nan. Duk wanda ya gifta sai ta ɗaga kai ta ce, 'yata ce? Ni kaina sau biyu ta tambaye ni. Bayan biyar wasu mata biyu suka zo suka tafi da ita a mota."

Ta kalli agogon bango. Shida saura kwata.

Ta zauna a kan bencin, takalmin yana hannunta. Ko kuka bai zo mata ba. Gajiya ce ta sauko mata, wadda ta sani tun tana 'yar firamare, gajiyar wanda ya sake aikata abin da ya rantse ba zai sake ba.

A gidansu Mantau ake kiranta, kuma sunan ya bi ta ne tun ranar da aka aike ta sayen gishiri ta dawo da kyanwa. A layin shagunan da take gyaran waya kuwa Injiniya ake ce mata, ba da ba'a ba, domin wayar da ta gagari maza uku in ta hau teburinta sai ta kawo wuta. Shekara biyu da suka wuce wani likita ya zaunar da ita, ya yi mata tambayoyi na awa guda, ya ce abin yana da suna, ADHD. Ba lalaci ba ne, ba kuma raini ba. Hankalinta ne ba ya zama inda aka ajiye shi: ko ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, ko ya nutse cikin abu ɗaya har ta manta akwai duniya. Ya rubuta mata magani, ya koya mata dabaru. An samu sauƙi, amma ba a rabu ba. Tana da shekara ashirin da tara, har yanzu a wuya take rataye makullin shago.

Malam, saurayinta, ya san duk wannan. Malamin lissafi ne a wata sakandare, mutumin da ke isa wurin alkawari kafin mai alkawarin ya yi wanka. Wayarsa ce ta fashe ya kawo mata. Ta gyara, ta manta ta ba shi cajarsa. Ya dawo karɓa, ta ba shi ta wani. Ya sake dawowa. A zuwa na huɗu babu abin da ya zo karɓa, kuma duk layin sun gane kafin ita ta gane. Wata goma sha huɗu ke nan. Abin da ya rage a tsayar da ranar aure, sai dai akwai mutum ɗaya da ta tsaya a hanya: Yaya Babba, yayarsa, wadda ta riƙe gidansu tun rasuwar mahaifinsu.

Ita ce ta kawo maganar gwaji, ko da yake ba ta kira shi gwaji ba. Ranar Laraba mahaifiyarsu, Umma, za ta koma a duba idon da aka yi wa aiki. Malam yana tsaron jarrabawa, wayarsa a kashe daga ɗaya zuwa biyar.

"Ni zan kai Umma," in ji Yaya Babba. "Ita ta ɗauko ta ƙarfe uku. Abu ɗaya tak. In ta iya, na rufe bakina."

Malam ya yarda. Injiniya ma ta yarda, ina ta ga bakin ƙi?

Abin haushin shi ne ba mantawa ta yi da safe ba. Da maganar ta tashi. Sau uku Malam ya kira kafin ya kashe waya. Ta buɗe shago ta zauna da jaka a cinya, ta ƙi fara wani babban aiki, domin ta san halinta, in ta fara ta tafi ke nan. In ban da sallamar mutum biyu da suka zo karɓar wayoyinsu, ba ta tsinana komai ba sai gadin agogo. Ta saita ƙararrawa biyar a waya, daga biyu saura kwata zuwa biyu da rabi, kowace da rubutu a jikinta. Da rana ta yi tsaka sai ta ce wa kanta, tunda akwai mai tashina, bari in leƙa wannan wayar da ta ƙi caji, minti goma kawai.

Da ta ɗago kai, hasken rana ya bar teburin ya hau bango.

*

A falon gidansu Malam, ba wanda ya ce mata zauna.

Yaya Babba tana kan kujera ta harɗe ƙafa. Kusa da ita ƙawarta ce, ma'aikaciyar banki da unguwa ke kira 'Yar Tsaf, wadda ko gyalenta ba ya karkacewa sai da izininta. Kowa ya san ita ce Yaya Babba take so Malam ya aura. Tana jera magungunan Umma a faranti, kamar a gidan aka haife ta.

Malam yana tsaye a bakin taga, allin makaranta bai bar hannun rigarsa ba.

"Yaya, don Allah ku yi haƙuri... ina Umma? Ina so in..."

"Umma ta kwanta. Ƙafafunta sun kumbura kamar an hura su. Awa biyu da wani abu, ido a rufe, tana tambayar masu shara ko su ne 'yarta!"

"Wallahi ban..."

"Ba ki me ba? Da ba mu bi ta wajen ba fa? Da yanzu an kulle asibiti da uwarmu a ciki!"

'Yar Tsaf ta yi magana a hankali, da irin muryar da ta fi ihu ciwo. "Yaya, ki bar ta mana. Ai ba da gangan ba ne. Na ji an ce lalura ce."

Injiniya ta juya wajen Malam. Shi kaɗai take so ya ji.

"Malamina... na saita ƙararrawa. Guda biyar. Ko ɗaya ba ta buga ba."

Sai a lokacin ya juyo. Fuskarsa ta ɗan saki, kamar wanda aka miƙa wa igiya yana cikin rijiya.

"Kin saita?"

"Wallahi na saita."

"Kawo wayar in gani."

Ta miƙa masa da sauri, har tana neman faɗuwa. Ya buɗe. Ya duba. Ya ja sama, ya ja ƙasa, ya sake dubawa.

"Babu ko ɗaya," ya ce.

"Ba zai yiwu ba! Duba da kyau..."

"Na duba. Sai ta shan maganinki ta safe, wadda ni na saita miki."

Yaya Babba ta tafa hannu. "To ka ji! Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Mantuwa dai mun ji, yanzu kuma har da rantsuwa a kan ƙarya!"

Injiniya ta karɓi wayar, ta zura mata ido. Babu. Tana tuna yatsanta a kan gilashin, tana tuna rubutun da ta yi, harafi bayan harafi. Amma ta taɓa tuna ta kulle shago alhali a buɗe ya wuni. Ta taɓa rantsewa ta aika saƙo, ashe a ranta kawai ta rubuta shi. Wanda ba zai iya yarda da kansa ba, da wane baki zai ce a yarda da shi?

Malam ya rako ta bakin ƙofar gida. Rana tana shirin faɗuwa, yara suna ƙwallo a layin.

"Da kin ce kin manta kawai," ya ce, bai dube ta ba. "Mantuwar na sani. Na yarda zan zauna da ita. Amma a gaban Yaya, ki rantse..."

"Kai ma ka ɗauka ƙarya na yi?"

"Ban san me zan ɗauka ba."

Wannan ta fi duk abin da Yaya Babba ta faɗa yi mata zafi.

"Na gaji, Injiniya," ya ce, ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Ina cikin aji ina tunanin ko kin ci abinci. Ina kan allo ina tunanin ko kin cire ƙarfen dalma daga wuta. Sau bakwai nake kiranki a rana, kuma ban tuna ranar ƙarshe da na kira don kawai in ji muryarki ba."

"Kai da kake gefe ka gaji. Ni da nake ciki fa? Kai kana kashe waya ka huta da ni awa huɗu. Ni ina zan kashe?"

Ya kawar da kai. Ta ci gaba:

"Ka huta, Malam. Kada ka sake kirana ka tuna mini komai. Maganar aure kuma... ka bar ta kawai. Yaya ta yi gaskiya, abu ɗaya aka ba ni."

"Haba, masoyiya..."

"Sai da safe."

Ta bi layin ba ta waiwaya ba. Ta so ƙwarai ya biyo ta. Bai biyo ta ba.

*

Kwana huɗu wayarta ba ta yi ƙara da sunansa ba.

Ta gano cewa ashe rabin tsarin rayuwarta a bakinsa yake. Sau biyu ta tsallake magani. Ranar Juma'a sai da jiri ya kama ta sannan ta tuna ba ta sa komai a cikinta ba tun safe. Ta ƙona yatsa da ƙarfen dalma, ta ɗaure da salatif ta ci gaba. Ta sayi allon rubutu ƙarami ta kafa a bango daidai saitin idonta, ta rubuta abin da za ta yi a wuni da manyan baƙaƙe, domin in ba ta koyi riƙe kanta ba, babu sauran mai riƙe ta. Wani lokaci allon ya yi aiki, wani lokaci ta wuni ba ta ganinsa.

Anti Mai Kwafi, matar da ke da shagon buga takardu a jikin nata, ita ce ke leƙowa da kofin shayi.

"Ke, sha. Kin rame kamar sandar rake... to, kamar sukundirebanki."

"Na gode, Anti."

"Bai kira ba?"

"Ni na ce kada ya kira."

"Kuma ya ji maganarki? Maza ke nan. Ranar da kike so su yi taurin kai, ranar suke biyayya."

Ranar Litinin da hantsi wani direban babbar mota ya faɗo shagon kamar an jefo shi. Ƙato ne mai farin gemu, wanda ta canza wa gilashin waya a makon jiya. Ya dire wayar a kan tebur.

"Injiniya, me na yi miki?"

"Lafiya, Baba? Gilashin ne ya sake..."

"Gilashi lafiyarsa lau! Aljani kika sa mini a ciki! Kullum, kullum, da rana tsaka, ina kan hanya da kaya, sai ta fara kuka. In kashe, ta sake. In kashe, ta sake. Sau biyar! Ni ba karatun boko na yi ba, na ba wani a tasha ya karanta mini, ya ce wai an rubuta, tashi ki ɗauko Umma. Ni Ummata shekara ashirin da rasuwa, Allah ya jiƙanta! Rannan har sadaka na yi!"

Injiniya ta ɗauki wayar a hankali. Baƙa ce, irin tata sak, har rigar roba iri ɗaya. Ta buɗe.

Biyu saura kwata: Tashi ki ɗauko Umma.

Biyu daidai: Ajiye abin da ke hannunki.

Biyu da minti goma: Mantau, da gaske nake.

Biyu da minti ashirin: Kulle shago YANZU.

Biyu da rabi: Don Allah kada ki ba shi kunya.

Sai komai ya dawo mata. Safiyar Laraba tana gwada sabon gilashin, tana taɓa ko'ina ta ga yana amsawa, sai Umma ta faɗo mata a rai. Likita ya ce mata duk abin da ta tuna ta yi shi nan take, kada ta ce anjima. Ta bi maganar likita. Ta saita su nan take, a wayar da ke hannunta. Bayan awa guda mai waya ya zo ya sa abarsa a aljihu ya kama hanya.

Dariya ta kufce mata. Ta yi ta yi har ta kifa kai a kan tebur, kuma ba ta san lokacin da dariyar ta koma kuka ba.

Direba ya rikice. "Subhanallahi! Ni ba faɗa na zo yi ba, 'yata. In ba ta ciruwa a bar ta, na ma fara sabawa..."

Anti Mai Kwafi ta shigo da gudu, ta karɓi wayar ta karanta, ta dafe ƙirji.

"Ga shaida! Tashi! Baba, zauna, kada ka motsa, kai ne shaidarmu! Ke ɗauki hoton wannan ki tura masa, ki tura wa yayar tasa mai baki kamar reza!"

Injiniya ta share fuska da bakin gyale. Ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallon na ƙarshen. Sannan ta goge su ɗaya bayan ɗaya.

"Ke! Kina da hankali kuwa?"

"Anti, tun ina shekara bakwai nake kawo shaida. Ga littafin, wallahi na yi aikin, a gida na bar shi. Ga saƙon, wallahi na rubuta, turawa ce ban yi ba. Na gaji." Ta miƙa wa direba wayarsa. "Yau in na kai wannan ya yarda da ni, gobe fa? Ba kullum Baba zai dawo da waya ba. Kuma ko na saita ko ban saita ba, Umma dai ta zauna a bencin nan."

Direba ya sa wayarsa a aljihu, ya fita yana girgiza kai yana yi wa matan zamani addu'a.

*

Ranar Laraba, mako guda cif, wajen ƙarfe huɗu, tana leƙen cikin wata waya da madubin ƙara girma sai ta ji ƙarar sanda a bakin shago.

Umma ce, an cire audugar, an sa mata baƙin gilashi. Malam yana riƙe da hannunta.

Injiniya ta miƙe har kujera ta faɗi. Ta zube ƙasa.

"Umma... sannu da zuwa... Umma, don Allah ki yafe..."

"Tashi ki ba ni wurin zama tukuna. Na sha zama a benci, amma ƙafata ba ta ƙoshi ba."

Ta kwashe wayoyi da cajoji daga bencin masu jira, ta goge shi da gyalenta. Umma ta zauna, ta dafa sanda da hannu biyu, ta juya kai tana kallon shagon.

"Yau na fara ganin fuskarki sosai. Da duk hazo nake gani. Ashe haka shagon yake a hargitse."

"Umma, ni..."

"Saurara. Ban zo in ce ba komai ba. Da komai. Na ji tsoro rannan. Ban ga hanya ba, ban san kowa ba, fitsari ya matse ni na kasa tashi don kada ki zo ki rasa ni. Har yau in na tuna raina yana ɓaci."

Hawaye suka zubo wa Injiniya. Ba ta yi ƙoƙarin kare kanta ba.

"Amma ido aka rufe mini, ba kunne ba. Da za mu fita a mota, mai gadin ƙofa ya leƙo ya ce wa babbar 'yata, Madam, sai yanzu? Tun uku da rabi kun tare mana hanya. Ƙawarta ta ɗaga gilashi da sauri." Umma ta gyara riƙon sandarta. "Suna cikin mota suna kallon agogo, suna jira laifinki ya nuna. Ni ina ciki ina tambayar masu shara."

Injiniya ta kalli Malam. Kansa yana ƙasa.

"Sai jiya na faɗa," in ji Umma. "Na bari ne in ga ko ɗaya a cikinsu za ta faɗa da kanta. Ke kin bar ni ba ki sani ba. Wadda na haifa ta bar ni tana sane. Dukanku kun yi mini laifi, amma ba laifi ɗaya ba ne. Ita ma na gaya mata, ta yi kukanta, ƙawar kuma na ce ta huta da jera mini magani." Ta nuna Malam da sanda. "Wannan kuma da ya yarda a yi gwaji da uwarsa, shi ne babban wawan."

"Na karɓa, Umma," ya ce.

"Ka karɓa mana, da wa za ka bar wa?" Ta yunƙura. "Ina jin ƙarar injin takarda a nan kusa. Kai ni in zauna can, ku ƙarasa shirmenku. Minti goma. Ke kuma kada ki manta ina can."

Anti Mai Kwafi, wadda dama kunnenta yana jikin bango, ta fito ta karɓi hannun Umma tana washe baki.

Shagon ya rage su biyu. Wata waya ta yi ƙara a cikin aljihun tebur, ba wanda ya kula ta. Malam ya ga salatif a yatsanta, ya ga allon da ke bango. Ya buɗe baki zai tambaya ko ta sha magani, ta gani a fuskarsa, shi ma ya ga ta gani. Ya haɗiye.

"Na yarda kin saita ƙararrawar," ya ce.

Ta dube shi da sauri. "Wa ya gaya maka? Anti ce?"

"Gaya mini me? Ba wanda ya gaya mini komai. Ban san inda suka shiga ba, wataƙila ba zan taɓa sani ba. Na zauna ne na yi lissafi. Wata goma sha huɗu, kin manta da ni a tasha, kin ɓatar da agogona, kin ƙona mini riga da dutsen guga. Ko sau ɗaya ba ki taɓa ɓoyewa ba, ke kike fara faɗa tun ban tambaya ba. Ranar ne kawai na karɓi wayarki na bincika a gaban mutane kamar ɗalibar da na kama da satar amsa. Ki yafe mini."

Ta jingina da tebur.

"Suna aljihun wani direba," ta ce.

"Me?"

"A wayarsa na saita. Kwana biyar ana tashinsa ya ɗauko Ummanka. Har sadaka ya yi."

Malam ya dube ta. Ya yi ƙoƙarin riƙewa, ya kasa. Dariya ta ƙwace masa har ya dafa bango, ita ma ta taya shi, irin dariyar mutanen da suka kwana biyu ba su yi barcin kirki ba.

"Me ya sa ba ki turo mini ba?"

"Na so in ga ko za ka zo babu shaida."

Dariyar ta lafa. Ya ɗaga kujerar da ta faɗi, ya zauna.

"Umma ta ce a tsayar da rana. Yaya ba ta ce e ba, amma ta daina cewa a'a."

"Tsaya, Malamina. Kafin ka ce komai, ka ji nawa." Ta murza yatsan da ke ɗaure. "Ba na son kira bakwai. Ɗaya ya isa, kuma kada ya zama na magani. Zan tsallake wasu abubuwan, ka bar ni in tsallake, ni zan ji a jikina. Abin da kuma in na manta wani zai cutu, Umma, ko yaro in Allah ya kawo, kada a sake ɗora shi a kaina ni kaɗai don a ga iyawata. Mu zama mu biyu a kai, ko mu uku."

"Na ji. Kiran zai yi mini wuya. Hannuna da kansa yake zuwa aljihu."

"Ka koya. Ni ma koyo nake."

Ya gyaɗa kai. Da ya ɗago ta ga gajiyar tana nan a idonsa, ba ta tafi ko'ina ba.

"Za ki sake mantawa?"

Ta san amsar da ake so a irin wannan wuri. Ta ba da ita sau ɗari a rayuwarta, ga iyaye, ga malamai, ga masu waya, kuma duk sau ɗarin da zuciya ɗaya ta faɗa.

"Zan sake," ta ce.

"Har da ni?"

"Har da kai. Wata rana za ka tsaya a bakin titi da kaya a hannu, rana tana dukanka, ni ina nan na kifa kai a kan wayar wani. Ba don ba na son ka ba. Ina son ka har ban san yadda zan yi da kaina ba... amma zai faru. In ba za ka iya ba, ka faɗa yanzu, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Daga shagon Anti suka ji muryar Umma tana tambaya ko minti goman bai cika ba.

Malam ya miƙe. Ya karkaɗe allin hannun rigarsa, ya tsaya a gabanta.

"To ranar, in kin ɗago kai kin tuna, kada ki tsaya neman abin da za ki ce. Ki taho kawai inda kika bar ni."

"Za ka yi fushi."

"Sosai ma. Wataƙila in wuni ban yi miki magana ba." Ya ja numfashi. "Amma a nan za ki same ni."